Nauyin harsashi da dalilin da ya sa na bar kulob ɗin harbi

Duk wanda ya taɓa shiga babbar gasar harbi da ƙaramar bindiga ta USPSA, ƙungiyar da ke shirya irin wannan gasa a Amurka, ya san teburin awo, ya kuma san yadda gaban mutum yake faɗuwa idan an kira sunansa a wurin. Alƙalai suna karɓar harsasai takwas daga hannun ɗan wasa, su zare kan guda ɗaya su ɗora a sikeli, sannan su harba uku ta cikin na'urar auna gudu. Ana ninka nauyin kan harsashin a giren (ƙaramin ma'aunin da ake auna nauyin harsashi da shi) da matsakaicin gudunsa na ƙafa a daƙiƙa, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne ma'aunin ƙarfi. Wanda bai kai 125 ba, ba a shigar da makinsa, ko da ya fi kowa iya saiti a ranar. Wannan doka ta samo asali ne daga manufar waɗanda suka kafa IPSC, ƙungiyar wannan wasa ta duniya, a garin Columbia na jihar Missouri a 1976, ƙarƙashin jagorancin ƙwararren mai koyar da harbi Jeff Cooper, domin sun ɗauki ƙarfin harsashi a matsayin ginshiƙi na uku tare da iya saiti da sauri. Aikina a kulob ɗinmu shi ne kula da irin wannan na'ura da littafin da ake rubuta awon harsasan 'yan wasanmu, kuma a kan wannan littafi ne muka raba gari da babban mai horarwa.

A bindiga mai cin harsashin milimita 9, nauyi uku ne suka fi yawa a kasuwa: giren 115, da 124, da 147. Tsakanin mafi sauƙi da mafi nauyi bai wuce giram biyu da ɗan kai ba, amma hannu yana jin bambancin tun daga harbin farko. Kafin mai giren 115 ya kai ma'aunin 125 sai ya yi gudun ƙafa 1,087 a daƙiƙa, mai 124 yana bukatar kimanin 1,009, shi kuwa mai 147 ƙafa 851 sun ishe shi. Da yake mai nauyin ba ya bukatar albarushi da yawa, kuma gudunsa bai kai na sauti ba, ƙararsa ba ta da kaifi, kuma tokarin da yake yi wa hannu ya fi kama da turi, alhali na mai sauƙin ya fi kama da mari. Saboda haka ne mai horar da mu ya nace a kan giren 147, kuma ban taɓa ganin laifinsa a nan ba. Gwani ne, ya ci kofuna tun kafin in san yadda ake riƙe bindiga, kuma 'yan wasa da yawa da suka fi shi suna ma abin da suke harbawa ke nan.

Inda muka saɓa shi ne kwaɗayinsa na laushi. Ya sa aka haɗa wa ƙungiyar gaba ɗaya harsashi iri ɗaya, wanda a bindigarsa mai bututun inci biyar yake ba da ma'aunin 128, kuma a tsakiyar bazara aka yi wannan awon. Cikin 'yan wasanmu akwai wani matashi da bai daɗe da shigowa ba, wanda bututun bindigarsa inci huɗu ne, kuma sanin kowa ne cewa gajeren bututu yana rage gudun harsashi. Da na gwada harsashin a bindigarsa sai na samu 126 da ƙyar, kuma a cikin harbi goma akwai biyu da suka faɗi ƙasa da ƙafa 851. Na rubuta wannan a littafi, na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, na kai wa mai horarwar har ofishinsa. Na tuna masa cewa gasar da muke shirin zuwa a watan Nuwamba za a yi ta, cewa albarushi iri-iri yana rage ƙarfi idan sanyi ya sauka, kuma na'urar alƙalai ba dole ba ne ta yi daidai da tamu. Ya dubi shafin kamar mai duba takardar tsire, ya ce shi ya fara harbi tun ban zo ƙasar ba, kuma aikina in rubuta lambobi ne, fassara su aikinsa ne.

Ranar gasar mun tashi da sanyi mai ratsa ƙashi, har raɓa ta daskare a kan teburan. Matashin nan ya yi harbin da bai taɓa yin irinsa ba, ya gama zango shida na gasar yana cikin na gaba-gaba a ajinsa, kafin layi ya zo kansa a teburin awo. Harsasai ukun farko suka ba da matsakaicin ƙafa 845, wato 124 da ɗigo 2. Aka ƙara harba uku kamar yadda doka ta tanada, aka zaɓi uku mafiya gudu daga cikin shidan, duk da haka bai kai ba. Alƙalin, wani dattijo mai farin gemu, bai ce uffan ba. Ya rubuta lambar a takarda, ya juyo da ita wajen yaron, ya ɗora yatsa a kai. Yaron ya sa hannu, ya mayar da bindigarsa cikin jaka, ya ƙarasa sauran zangon yana sane da cewa ko maki ɗaya ba za a rubuta masa ba. Kuɗin rajista, da na masauki, da tafiyar yini guda a mota, duk sun tafi a banza saboda abin da bai kai ɗigo ɗaya ba.

A taron da aka yi bayan mun dawo, mai horarwar ya tashi a gaban kwamiti ya shafa mini kashin kaji. Ya ce na'urar tana hannuna, awon nawa ne, kuma da an sanar da shi akwai matsala da ya gyara. Littafin yana kan tebur a gabansu, na faɗi lambar shafin har sau biyu, amma babu wanda ya miƙa hannu ya buɗe, domin rabin 'yan kwamitin ɗalibansa ne na dā. Aka karɓe na'urar daga hannuna, aka mayar da ni liƙe ramukan allon harbi da fentin ƙarafa. Na yi wannan aikin har ƙarshen kakar wasa ba tare da na ɗaga murya ba, sannan na ajiye makulli na kama gabana.

Ga wanda yake neman shawara a kan nauyin da zai zaɓa, abu na farko shi ne kada ya karɓi awon da aka yi a bindigar wani, ko da wanin nan shi ne ya koya masa harbi. Ya gwada a tasa, ya harba goma aƙalla, ya dubi wanda ya fi jinkiri a cikinsu, kuma ya bar wa kansa tazara har ma'aunin ya kai 130 zuwa 135, domin laushin da ake samu ta hanyar matsawa kusa da 125 bai kai darajar gasa guda ba. Idan ya canja nauyi, ya sake gyara saiti, saboda harsashi mai nauyi yakan sauka sama da inda mai sauƙi yake sauka a gajeren zango. Dalili kuwa shi ne mai nauyin ya fi daɗewa cikin bututu yayin da bakin bindiga ya fara ɗagawa. Ni kaina giren 124 nake harbawa, domin bindigata tana dawowa kan saiti da sauri da shi, kuma ban taɓa tsayawa a teburin awo ina addu'a ba.

A gasar da ake harbin tsaye daga yadi 25 da 50, inda iya saiti kaɗai ake dubawa, lissafin daban ne: can za ka ga giren 148 mai shafaffen kai a bindigar .38 domin yana yanka rami mai tsafta a takarda, ko giren 185 da 200 a bindigar .45 maimakon 230 da aka saba. Kowace bindiga tana da nauyin da ta fi so, kuma takardar allo ce take faɗin hakan. Shawara ta ƙarshe ga wanda ya ga matsala a awo: gargaɗin baki yana bin iska, saboda haka a aika shi a rubuce, a kuma riƙe kwafi.

Na ji labari cewa a bana ƙungiyar ta koma harba harsashi mai ma'aunin 132, kuma ana gwada kowace bindiga daban kafin tafiya gasa. A takardar da aka raba wa sababbin 'yan wasa an rubuta cewa wannan tsari ne da babban mai horarwa ya fito da shi bayan dogon nazari.