Guguwa da Layin da Ba Na Gani

Ina wata na uku da fara aiki a wurin horar da karnuka aka damƙa mini wani kare ɗan wata goma, muka laƙaba masa Guguwa. Ba ya cizo, ba ya gurnani. Matsalarsa guda ce: da ya hango wani kare, ko daga can nesa ne, sai ya miƙe kan ƙafafun baya, ya kama haushi da siririyar murya, yana fizgar igiya har tari ya sarƙe shi. Mai shi ta ce mini, "Wallahi ba faɗa yake nema ba, son wasa ne ya yi masa yawa." Gaskiya ta faɗa. Sai dai karen da ake shirin afka wa bai san da wannan ba.

Dabarata ta farko ita ce in bar shi ya je ya gaisa, wai ko marmarin ya fita. Bai fita ba, ƙaruwa ya yi. Sai na koma tsawa da fizge igiya, har na fara cewa karen ne mai taurin kai.

Wata rana maigidana ya tsaya yana kallonmu, Guguwa na ta tsalle saboda wata karya da ke wucewa. Ya ce, "Malam, ba shi naman da ke aljihunka." Na kai masa har bakin hanci. Ko kallo bai yi ba, karen da a cikin gida yake bin hannuna saboda ƙamshin naman nan. Maigidan ya ce, "To, ja da baya." Na ja taku biyar, ya ƙi. Na ƙara goma, ya ƙi. Sai da muka kai wajen taku talatin ya juyo ya karɓa. Ya ce, "Nan ne ajinku. Can da kake tsaye ɗazu, da bango kake magana."

A nan na fara gane cewa kowane kare yana da wani layi da ido ba ya gani. Kafin layin yana ganin ɗan'uwansa, yana kuma iya jin muryarka. Da ya tsallake shi, jikinsa ya karɓi ragama: sinadarin adirenalin ya bazu, zuciya ta ƙara gudu, son abinci ya ɗauke, hankalinsa kaf ya tattaru wuri guda. Ba ƙin ji yake yi ba, ba zai iya ji ba ne. Wani sinadarin kuma da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, kotisol, ba ya sauka da wuri, yakan ɗauki sa'o'i. Shi ya sa in Guguwa ya birkice da safe, fitar yamma takan fi muni, layin da ke taku talatin ya koma hamsin. Layin ba a kafe yake ba. Karen da ke gudu ya fi tayar masa da hankali kan wanda ke kwance, wanda ya tunkaro shi gaba da gaba ya fi wanda ya ba shi baya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne gano cewa ni na koya masa jan igiyar. Sau huɗu in hana shi, na biyar in gaji in bar shi ya ja ni har wurin wancan karen. Masanin halayyar mutane da dabbobi B. F. Skinner ya daɗe da nunawa cewa halin da ake saka masa da lada jefi-jefi ya fi wuyar bari a kan wanda ake saka masa kullum. Haka ɗan caca yake, cin da ya yi sau ɗaya ke zaunar da shi ya sha faɗuwa ashirin. Guguwa ya koyi cewa in ya dage da ja, wata rana zai isa. Tun daga nan muka kafa doka: igiya a miƙe ba ta kai shi ko'ina.

Aikin kansa ba shi da wani armashi. Mu tsaya bayan layi, ya hango kare, in ce "yauwa", in ba shi ɗan yankan nama. Ya sake kallo, in sake. Tsarin da masanin kimiyya Ivan Pavlov ya bayyana ne, wato dabba ta koyi alaƙanta wani abu da abin da ke biyo bayansa, sai dai jerin yana da muhimmanci: kare ya fara bayyana, nama ya biyo baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Da farko nakan riga shi hango karen, sai in yi sauri in ciro naman. Ashe ina koya masa cewa motsin hannuna na nufin ga kare nan tafe, sai ya kama waige-waige da zarar na taɓa aljihu. Da na gyara, cikin kwana kamar goma ya fara wani abu da har yau nake jin daɗin tunawa: ya kalli kare, ya juyo da kansa ya kalle ni, kamar mai cewa ina nawa.

Juyowa in an kira sunansa kuwa a ɗaki muka koye ta, inda babu abin da ke ɗauke masa hankali, sannan tsakar gida, sannan bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutane da yawa sun ba ni shawarar in kayar da shi ƙasa in danne, ya san waye shugaba. Asalin wannan tunani binciken da masanin dabbobi Rudolf Schenkel ya wallafa ne a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel, waɗanda ba dangin juna ba ne. Masanin kyarketai David Mech ya ƙara yaɗa shi a littafinsa na 1970, amma a 1999 shi da kansa ya rubuta cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Ko ba wannan ma, Guguwa ba sarauta yake nema ba. Ɗoki ne ke cin sa, kuma dannewa ba ta rage ɗoki.

Wani kuskuren nawa shi ne ƙoƙarin gajiyar da shi da jifan ƙwallo kafin mu fita. Abin da na samu shi ne kare mai ƙarin ƙarfi, wanda ya riga ya ɗau zafi tun kafin mu taka titi. Abin da ya yi aiki akasin haka ne: doguwar igiya, ciyawa, a bar shi ya yi ta shinshine-shinshine, sannan ya samu barci isasshe.

Malamar da ta fi ni iyawa wata tsohuwar karya ce mai shekara tara, wadda babu abin da ke ɗaga mata hankali. Muka riƙa tafiya da su gefe da gefe, hanya ɗaya, tazara mai faɗi a tsakani, kowace rana muna rage kaɗan. Karnuka masu ladabi ba sa tunkarar juna kai tsaye. Sukan ɗan kewayo, su kau da ido, su shinshina ta gefe. Igiyar da aka ɗaure tamau tana hana duk wannan, tana ɗaga ƙirjin kare ta sandarar da shi, ɗayan ya ɗauka rigima ce ta zo. Ranar da suka fara gaisawa, na ƙirga uku a zuciya na kira shi, ya dawo, na sake shi ya koma. Gajeruwar gaisuwa sau biyar ta fi doguwa guda da za ta ƙare da haushi.

A mako na biyar zalama ta kama ni. Muna taku goma sha biyar, na ce bari in gwada biyar. Ya birkice, muka koma ashirin, sai da muka yi kusan mako kafin mu dawo inda muke.

Da mai shi ta zo ɗaukarsa, muka fita tare. Wani kare ya ɓullo daga kwana, sai na ga ta naɗe igiyar a hannu sau uku, ta ɗauke numfashi. Guguwa ya ji igiyar ta ɗaure, nan take kunnuwansa suka miƙe. Na ce, "Hajiya, sassauta hannun, mu tsallaka wancan gefen." Muka tsallaka. Ya kalli karen, ya juyo ya kalle ta, ita kuma naman na can ƙasan jaka, zif a rufe. Sai muka sa ranar da za ta fara zuwa, sau biyu a mako, da naman a aljihu.