Kafin ka sauke tsohon littafi, duba wa ya fassara shi

Yawancinmu in muna neman tsofaffin littattafan adabin duniya a intanet, sunan marubuci kawai muke rubutawa mu ƙara PDF, wanda ya fara fitowa mu sauke, mu karanta shafi kaɗan mu ce wai wannan ne ake ta zuzutawa? Alhali sau da yawa ba marubucin ba ne ya kwafsa, mai fassara ne.

Batun haƙƙin mallaka ne ya jawo haka. Tolstoy ya rasu tun 1910, rubutunsa na Rashanci ya zama na kowa da kowa, amma fassara ita ma tana da nata haƙƙin daban, a ƙasashe da yawa sai an yi shekara 70 da rasuwar mai fassarar, a Amurka kuma tsofaffin littattafai sai sun cika shekara 95 da bugawa. Shi ya sa in ka shiga Project Gutenberg, shafin sauke littattafai kyauta wanda Michael Hart ya fara tun 1971, littattafai sun haura dubu 70 amma kusan duk fassarar da za ka tarar ta zamanin kakannin kakanni ce. Littattafan Rasha galibi na Constance Garnett ne, matar ta yi ƙoƙari matuƙa gaskiya, ita ta kai wa masu karanta Turanci su Dostoevsky da Chekhov, sai dai an daɗe ana mata ƙorafin cewa kowa ta fassara sai ya koma magana da muryarta.

Nata ma da sauƙi. Jules Verne da aka juya littafinsa na tafiya ƙarƙashin teku zuwa Turanci a 1872 kusan kashi ɗaya cikin huɗu aka datse, kuma har yau wannan guntun yana yawo a shafuka ba wanda ya gaya maka. Dare Dubu da Ɗaya kuwa abin ya ma fi haka, Antoine Galland da ya fara fitar da shi da Faransanci a 1704 daga baya ya ƙara labarin Aladdin da na Ali Baba, waɗanda ba su cikin rubutun Larabcin da ke hannunsa, daga bakin wani mutumin birnin Halab na Siriya mai suna Hanna Diyab ya ji su. To wanne ka sauke kenan?

Ni dai abin da nake yi, na fara neman sunan mai fassara da shekarar bugu, in babu su na bar fayil ɗin, don yanzu har da waɗanda na'ura ta juya aka manna musu bango mai kyau. Internet Archive ya fi min a nan saboda hoton ainihin littafin ne, shafin farko na nan da komai. Wikisource kuma wani lokaci za ka samu fassara biyu ko uku na littafi ɗaya, sai ka buɗe babin farko a kowacce ka ji wadda ta shige ka. Mai jin Larabci ya leƙa shafin Hindawi, suna da fassarori kyauta masu tsafta, na Girka da Latin kuma akwai Perseus na jami'ar Tufts.

In tsohuwar ta gagare ka, nemi sabuwa ka saya ko ka ara a laburare, mai fassarar nan ta yiwu yana raye kuma da aikin yake ci.