Wasiƙa zuwa Damagaram kan allurar kashe zafin haƙori

Assalamu alaikum iyayena, ƴan'uwa da abokan arziki na Damagaram, daga Birni zuwa Zango har ƙauyukan kewaye. Ina fatan wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Ina rubuto muku daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda nake aikin taimaka wa likitan haƙori. Ni ke shirya kayan aiki, ni ke ɗaura allura a sirinji, kuma ni ke tsayawa kusa da kan maras lafiya lokacin da ake yi masa ita. Saboda wannan aiki, saƙonnin murya na yawan zuwa mini daga gida ta WhatsApp, kuma akasarinsu tambaya ɗaya suke ɗauke da ita. Mutum ya kwana bai runtsa ba saboda ciwon haƙori, ya tauna ƙanumfari, ya sha ƙwaya har ya gaji, amma yana tsoron zuwa asibiti domin ya ji an ce allurar da ake yi a dasashi tana shanye fuska, ko tana taɓa zuciya, ko kuma cire haƙorin sama yana makantar da ido. A cikin waɗannan maganganu akwai abin da ya samo tushe daga gaskiya aka ƙara masa gishiri, akwai kuma wanda ba shi da tushe ko kaɗan. Ra'ayina shi ne allurar tana cikin magungunan da suka fi aminci a aikin likita, kuma yawancin matsalolinta masu nauyi suna zuwa ne daga hannun wanda bai iya ba, ko daga maras lafiyar da ya ɓoye wa likita halin da jikinsa yake ciki.

Maganin ba sabo ba ne. A 1884 wani likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa hodar ibilis tana kashe zafi idan aka ɗiga ruwanta a ido, kuma a cikin wannan shekarar William Halsted ya yi amfani da ita a Niyok wajen kashe jijiyar muƙamuƙin ƙasa. Ta yi aiki, sai dai tana da guba, tana kuma kama mutum, shi kansa Halsted bai tsira daga kamunta ba. Daga baya Alfred Einhorn ya haɗa maganin da aka sani da Novocain a Jamus, sannan a 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidokayin a Suwidin, aka fara sayar da shi a 1948. Lidokayin ɗin nan har gobe shi ne aka fi amfani da shi a duniya, ko da yake a nan Faransa da Jamus likitocin haƙori sun fi son wani mai suna artikayin.

Aikin maganin shi ne ya toshe ƙananan ƙofofin da gishirin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, ta yadda saƙon zafi ba zai kai ga ƙwaƙwalwa ba. Mutum yana farke, yana jin ana dannawa, yana jin ana girgiza haƙorin, amma ba ya jin zafi. Wannan bambanci yana rikita mutane da yawa, sai su ce allurar ba ta kama ba alhali matsi kawai suke ji. A muƙamuƙin sama ƙashi ba shi da tauri sosai, don haka a gefen haƙorin ake sa maganin ya ratsa. A muƙamuƙin ƙasa kuwa ƙashin yana da kauri, galibi sai likita ya kai allurar can ciki bayan turamen haƙora ya samu babbar jijiyar, shi ya sa rabin leɓen ƙasa da gefen harshe suke yin nauyi gaba ɗaya. Haƙorin kan yi kamar sa'a ɗaya a mace, amma leɓe da harshe sukan kai sa'a uku zuwa biyar kafin su dawo daidai.

Abin da ya fi faruwa a kujerar likitan haƙori shi ne suma, kuma ba maganin ne ke kawo ta ba, tsoro ne da yunwa. Za ka ga fuskar mutum ta canza, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya fara hamma, ya ce ɗakin yana juya masa. Abin mamaki, samari majiya ƙarfi waɗanda suka shigo suna cewa su allura ba ta dame su ba, su ne suka fi faɗuwa. Maganinta a kwantar da mutum a bayansa a ɗaga ƙafafunsa sama, cikin ɗan lokaci sai ya farfaɗo. Al'adar da muke da ita ta tayar da wanda ya suma zaune a ɗura masa ruwa a baki kuskure ce, domin jini bai koma kansa ba tukuna kuma yana iya shaƙewa. Saboda haka a karya kumallo kafin a je. Mai azumi da ciwo ya matsa masa ya sani cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba cikin abubuwan da ba su karya azumi muddin mutum bai haɗiye komai ba. Duk da haka ya gaya wa likita cewa bakinsa da azumi, ko kuma ya nemi a ba shi lokaci da sassafe, sahur bai gama sauka ba.

Maganar zuciya tana da asali. Ana haɗa maganin da ɗan adiranalin domin ya matse jijiyoyin jini na wurin, maganin ya daɗe yana aiki, jini kuma ya ragu. Idan ɗan kaɗan daga ciki ya shiga jini, sai mutum ya ji gabansa yana faɗuwa, hannunsa yana rawa, na ƴan mintoci, sannan ya wuce. Domin kauce wa haka ne ƙwararren likita yake ɗan ja da sirinji baya kafin ya tura maganin, ya duba ko jini ya shigo kwalbar maganin da ke cikin sirinjin. Idan ya shigo, sai ya gyara wurin allurar. Ga mai lafiya wannan faɗuwar gaba ba komai ba ce. Ga mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ana taƙaita adiranalin ɗin zuwa kamar abin da ke cikin kwalba biyu, ko a zaɓi maganin da babu shi a ciki. Likita ba zai san haka ba sai an faɗa masa. Mu kuma mun taso da kara da kawaici, dattijo ya zauna a gaban likitan da bai wuce sa'an ɗansa ba, a tambaye shi ko yana da wani ciwo, ya ce alhamdulillahi lafiya lau, alhali ƙwayar hawan jini tana cikin aljihun rigarsa. Baba, a fito da ita a nuna. Haka mai ciwon sukari, mai sikila, mai ciwon hanta, mai asma, mai farfaɗiya, da mai shan maganin tsinka jini. Hanta ce ke narkar da lidokayin, don haka wanda hantarsa ta yi rauni ba a ba shi adadin da ake ba kowa. Matasan da ke shan tiramadol su ma su cire kunya su faɗa, domin ƙwayar da kanta tana iya jawo jijjiga.

Inda nake son a tsaya a natsu shi ne batun yara, saboda a nan ne haɗari na gaske yake. Kwalbar maganin siririya ce, mililita 1.8 take ɗauka, kuma idan lidokayin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ne, akwai miligiram 36 a cikinta. Likitocin haƙoran yara suna kiyaye iyakar miligiram 4.4 ga kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 15 ke nan iyakarsa miligiram 66, wato bai kai kwalba biyu ba. Babban mutum zai ɗauki ninkin haka bai ji komai ba, amma wanda ya yi wa yaro allurar manya don yaron yana kuka, ya ƙara, ya sake ƙarawa, yana iya kai shi ga guba. Alamunta sukan fara da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, jiri, surutu ko magagi, tsokar fuska tana motsi da kanta, sannan jijjiga, a ƙarshe numfashi da zuciya su raunana. Wannan ba ya yawan faruwa a hannun wanda ya yi karatun abin, domin yakan auna yaron ko ya tambayi nauyinsa kafin ya taɓa sirinji. Uwar da ta ga ba a tambaya ba tana da haƙƙin ta faɗi nauyin ɗanta da bakinta.

Akwai wata matsalar ta yara wadda a gida take faruwa bayan an baro asibiti. Yaro ya ji leɓensa ya zama kamar ba nasa ba, sai ya riƙa taunarsa yana ja da yatsa, ba ya jin komai. Washegari uwa ta ga leɓe ya kumbura da farin gyambo a kai, hankalinta ya tashi, ta ce maganin ne ya ƙone shi ko likita ya yanke shi. Cizo ne kawai, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu idan an tsabtace wurin. A sa ido a kan yaro har nauyin ya sake shi, kada a ba shi abin tauna, kuma babba da yaro kowa ya haƙura da koko ko shayi mai zafi har sai jin bakinsa ya dawo, domin mutum yana iya ƙona harshensa bai sani ba.

Shanyewar fuska da ake faɗa tana faruwa, amma ba yadda ake ba da labarinta ba. Idan allurar muƙamuƙin ƙasa ta zarce ciki da yawa, maganin yakan taɓa jijiyar da ke motsa fuska, sai gefe ɗaya ya saki, ido ya ƙi rufuwa sosai. Da maganin ya gama aikinsa cikin ƴan sa'o'i fuskar take komawa yadda take, abin da ake bukata kawai a kare idon kada ya bushe. Makanta saboda cire haƙorin sama kuwa babu ita. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Abin da akan samu, shi ma da wuya, shi ne mutum ya ga abu biyu-biyu na ɗan lokaci sannan ya washe. Wani lokaci allura takan huda ƙaramar jijiyar jini, kunci ya kumbura nan take ya yi duhu, a danna wurin a sa ƙanƙara, ya baje cikin mako biyu. Wani kuma baki yakan ƙi buɗuwa sosai na ƴan kwanaki saboda tsokar da allura ta ratsa, gashi da tsumma mai ɗumi da motsa muƙamuƙi a hankali suna taimakawa. Wanda ya fi damun mai shi shi ne leɓe ko gefen harshe ya ci gaba da zama a mace bayan kwana ɗaya ko biyu, alamar jijiyar ta ɗan ji rauni. Yawanci tana warkewa cikin makonni, ƙalilan ne suke daɗewa, kuma ya kamata a koma wa likitan da wuri ya duba ya rubuta.

Mutane da dama suna cewa jininsu ba ya karɓar allurar, amma in aka bi diddigi sai a tarar suma ce ko faɗuwar gaba suka taɓa yi. Rashin jituwa na gaske da lidokayin abu ne mai wuyar samu. Alamunsa borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko maƙogwaro, da sarƙewar numfashi, kuma wani lokaci ba maganin ne ke jawo shi ba, sinadarin salfayit ne da ake sawa don adiranalin kada ya lalace, wanda masu asma suka fi saurin ji. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa tun kafin ya hau kujera. Mace mai ciki kuwa ana yi mata lidokayin, kuma watannin tsakiyar ciki sun fi dacewa da aikin da zai iya jira. Barin ƙurji a bakinta ya fi allurar haɗari a gare ta da abin da ke cikinta.

Jinkirin da tsoro ke jawowa shi ne ke sa allurar ta ƙi kamawa. Inda haƙori ya ruɓe ya tara mugunya, naman wurin yakan yi tsami, jijiyar kuma ta harzuƙa, maganin ba ya ratsa ta yadda ya kamata. Mutumin da ya yi wata yana haƙuri ya zo da kunci a kumbure, a yi masa allura ya ci gaba da jin zafi, ya koma unguwa ya ce allurar asibiti ƙarya ce, maƙwabcinsa ya ji ya fasa zuwa, shi ma ya jira har nasa ya kumbura. Da ya zo tun haƙorin yana ɗan tsuwa idan ya sha ruwan sanyi, da kwalba ɗaya ta wadatar, ƙila ma a cike haƙorin ba sai an cire ba. Idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya ko numfashi ya fara wuya, wannan ba abin jiran wayewar gari ba ne, a nufi babban asibitin Zinder ko asibiti mafi kusa a daren.

Na san kuɗi da nisa su ke kai mutane wurin masu cire haƙori a kasuwa, kuma ba zan raina talaucin kowa daga nan inda nake zaune ba. Sai dai wanda ke aiki a kan tabarma ba ya auna hawan jini, ba ya lissafin nauyin yaro, ba shi da abin farfaɗo da mutum idan numfashinsa ya sarƙe, kuma allurar da ta shiga bakin wani ta shiga naka hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C da cutar ƙanjamau. A wurin aikinmu allura da kwalbar magani na mutum ɗaya ne, ko da rabi aka yi amfani da shi sauran zubarwa ake yi. Ko ina mutum ya je, ya nemi a ɓare sabuwar allura a gaban idonsa, ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha, ya kuma zauna kamar minti goma sha biyar bayan an gama kafin ya hau babur.

Ina gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku,
daga Liyon, Faransa