Kenora, Garin da Ya Riƙe Kofin Stanley Wata Biyu Kacal

Mun bar birnin Winnipeg bayan sallar asuba, a tsakiyar watan Janairu, ni da kawuna wanda ya daɗe yana zaune a Kanada, muka miƙi babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga wannan teku zuwa wancan, muka fuskanci gabas. Abin da ya jawo tafiyar gardama ce. Wata rana da dare 'ya'yansa suna kallon ƙwallon gora na ƙanƙara a talabijin, wasan da a can suke kira hoki, sai Kawu ya ce mini akwai wani ɗan gari a bakin tabki, tafiyar da ba ta kai awa uku ba, wanda ya taɓa cinye Kofin Stanley a lokacin da mutanensa ba su wuce 4,000 ba. Na ce masa, "Kawu, ku gafarce ni, amma wannan kofin da manyan biranen Amurka da Kanada ke zuba miliyoyi a kansa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gani ya kori ji. Ranar Asabar ka sa rigar sanyi biyu."

Tsakanin Winnipeg da Kenora kilomita 200 ne da 'yan kai. Rabin farko na hanyar fili ne fetal, shimfiɗe kamar faifai, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki har iyakar ganin ido. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi yawa, kuma muna shiga lardin Ontario sai hanya ta koma ratsa duwatsu da aka fasa domin a yi mata wuri, ga ƙananan tabkuna dama da hagu, kowanne ya daskare. Layin dogo na kamfanin Canadian Pacific yana bin wannan yanki, kuma shi ne ya raya garin tun a shekarun 1880, tare da sana'ar katako da haƙar zinariya da injinan niƙa alkama. A wancan zamani sunan garin Rat Portage, wato mashigar da ake sauke kwale-kwale a ɗauke shi a ka, a wurin da wani irin ɓeran ruwa ya yi yawa, kuma sunan fassara ce daga harshen Anishinaabe, mutanen da suka riga kowa zama a wurin. A 1905 aka sauya shi, aka tsinko haruffa biyu-biyu daga Keewatin da Norman da Rat Portage, aka haɗa Kenora.

Abin da ya fara ba ni tsoro da muka isa shi ne ganin motoci suna tafiya a kan ruwa. Tabkin da garin ke bakinsa, Lake of the Woods, yana da tsibirai sama da 14,000, kuma idan sanyi ya kankama ƙanƙararsa takan yi kaurin da za a share hanya a kai, masu gidaje a tsibirai su shiga da motocinsu. Kawu ya ja ni muka taka da ƙafa. Na durƙusa na share dusar da safar hannuna, sai ga ƙanƙara baƙa wuluk kamar gilashi, da 'yan kumfa fari da suka maƙale a ciki, da wata tsaga da ta nutse ƙasa har inda ido ba ya kaiwa. Gashin hancina ya sandare, numfashina ya zama farin gari a kan gemu. A nan na fara fahimtar labarin, domin yaron da ya tashi a bakin irin wannan fili, wanda ba shi da mai gadi kuma ba a biyan kuɗin shiga, wata huɗu ko biyar a kowace shekara, ba ya bukatar mai koya masa gudu a kan ƙanƙara.

Haka 'yan ƙungiyar Thistles, wato ƙungiyar hoki ta garin, suka tashi. Sunan na wata ciyawa ce mai ƙaya wadda take alamar ƙasar Sikotilan. Ginshiƙan ƙungiyar su biyar ne, Tommy Phillips da Tom Hooper da Billy McGimsie da Si Griffis da Roxy Beaudro, kuma tun suna 'yan makaranta suke wasa tare a wannan gari, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai dosa kafin ya motsa. Wasan nasu ya bambanta da na yau. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare maimakon shida, ana buga rabi biyu na minti 30 kowanne, ba a yarda a tura faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo gaba ga abokin wasa ba, kuma yawanci waɗanda suka fara su ne za su ƙarasa, sai dai in wani ya ji rauni. A irin wannan tsari wanda ya fi gudu da juriya shi ne sarki, kuma da gudu aka san Thistles.

Mun shiga wani ɗan gidan abinci a tsakiyar gari domin mu sha shayi mu dawo hayyacinmu, sai na tarar da hotonsu a bango, samari cikin riguna masu kauri, kofin yana gabansu. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne ƙanƙantar kofin. Wanda ake ɗagawa a yau ya kusa kai wa babban mutum ƙugu saboda zobban da aka yi ta ƙara masa domin rubuta sunaye, amma na cikin hoton kwano ne na azurfa a kan ɗan gindi, wanda Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, ya bayar a 1892. Wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya lura ina ta kallon hoton, ya tambayi daga ina muke, kuma da ya ji mun yi tattaki ne saboda Thistles sai ya jawo kujerarsa ya dawo teburinmu.

Daga bakinsa na ji yadda mutanen garin ke ba da labarin, wanda ya ɗan fi na littafi yaji. A wancan lokaci ba a cin kofin ta hanyar gasa guda, ƙalubale ake aikawa ga mai riƙe da shi, amintattun kofin su duba su sa rana. Sau biyu Thistles suka ƙalubalanci Ottawa, a 1903 da 1905, sau biyu suna dawowa hannu rabbana. Na 1905 shi ne ya fi yi musu ciwo, domin sun ci wasan farko da 9 da 3, sannan aka doke su 4 da 2, aka sake doke su 5 da 4. Dattijon ya rage murya kamar yana tsoron kada wani ɗan Ottawa ya ji, ya ce da gangan aka jiƙa filin da ruwa domin ƙanƙara ta yi laushi, gudun samarinsu ya tashi a banza. Zargi ne da aka daɗe ana yi, kuma ni dai na lura cewa wanda aka ci ba ya rasa dalili, amma yadda ya faɗe shi, sai ka rantse a makon jiya aka buga wasan.

Karo na uku ya zo a watan Janairun 1907, kuma a lokacin kofin yana hannun Montreal Wanderers, waɗanda suka ƙwace shi daga Ottawa a shekarar da ta gabata. Wannan kaka ce da kiɗa ya sauya a wasan hoki, domin a cikinta ne manyan ƙungiyoyin Kanada suka daina ɓoye-ɓoye suka fara biyan 'yan wasa a fili, kuma Thistles ma suna cikin gasar ƙwararru ta Manitoba. Suka hau jirgin ƙasa, tafiyar kimanin kilomita 2,000, tare da mai tsaron gidansu Eddie Giroux da sojojin haya biyu da suka aro daga garin Brandon, wato Art Ross da Joe Hall. Wasa biyu za a buga a haɗa ƙwallaye. Ranar 17 ga Janairu Kenora ta ci 4 da 2, kuma dukkan huɗun Tommy Phillips ne, kyaftin ɗinsu, ya zura su. Ranar 21 ga wata suka yi nisa a gaba, Wanderers suka farfaɗo har aka yi kunnen doki 6 da 6, sannan a ƙarshen wasa Kenora ta ƙara biyu, aka tashi 8 da 6. Jimilla 12 da 8. Domin a gane nauyin abin, a tuna cewa waɗannan Wanderers ɗin sun buga wasa 10 a gasarsu ta wannan kakar ba tare da an ci su ko sau ɗaya ba.

Da dattijon ya kawo nan sai ya tsaya ya kurɓi kofi, kuma na ga alamar da zai so labarin ya ƙare a wurin. Kawu ne ya tsokane shi ya ce, to, watan Maris fa? Bayan Thistles sun kare kofin a hannun Brandon, Wanderers suka dawo neman fansa, kuma a lokacin raunuka sun ci ƙarfin Kenora, McGimsie ya goce kafaɗa, Art Ross ya koma ƙungiyarsa. Don haka tun kafin wasan Brandon sun sake neman sojan haya, suka ɗauko Alf Smith da Harry Westwick, daga ina, daga Ottawa, ƙungiyar da ta hana su barci shekara da shekaru. Wanderers suka yi ƙorafi, William Foran mai kula da kofin ya ce mutanen biyu ba su cancanci bugawa ba, aka yi ta ja-in-ja, har ana ba da labarin cewa wani jami'in ƙungiyar ya yi barazanar jefa kofin cikin tabki. Daga ƙarshe aka sasanta, mutanen biyu suka buga, amma aka kai wasan Winnipeg inda fili ya fi girma kuma kuɗin ƙofa ya fi yawa. Ranar 23 ga Maris Wanderers suka ci 7 da 2, ranar 25 Kenora ta ci 6 da 5, jimilla ta sake zama 12 da 8, amma wannan karon ta juya musu baya.

A ganina ba daidai ba ne a ce kuɗi ne kawai suka zalunci ƙaramin gari, kamar yadda dattijon ya so ya nuna, domin Kenora ma ta sa hannu a aljihu, kuma da ɗan haya ta ci kofin a Montreal. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da zarar wasa ya koma na albashi, garin mutum 4,000 ba shi da 'yan kallon da za su riƙe taurari, kuma ba a yi shekara ba ƙungiyar ta watse. Griffis ya tafi yamma, ya sake cin kofin da Vancouver a 1915. Art Ross ya zama jigon Boston Bruins, har yau ana ba da kofi mai sunansa ga wanda ya fi tara maki a kaka. Joe Hall annobar mura ta kashe shi a Seattle a 1919, 'yan kwanaki bayan annobar ta sa an dakatar da wasan ƙarshe na kofin, shi kuwa Phillips ya rasu a 1923 yana da shekara 40. Sunan Thistles yana nan an zana shi a cikin kwanon kofin, wanda ainihinsa ke ajiye a gidan tarihin hoki da ke Toronto.

Kafin mu kama hanya mun tsaya a bakin ruwa kusa da gunkin katon kifin nan mai tsayin mita 12 da garin ya yi suna da shi, muka yi sallar azahar da la'asar a gefen mota cikin gaggawa, domin goshi ba ya jure daɗewa a kan darduma a irin wannan sanyi. Rana ta riga ta karkata tun kafin ƙarfe biyar. A ƙasa da mu wasu yara shida ko bakwai sun share wani ɗan fili a kan tabkin, sun ajiye takalma biyu a matsayin raga, ƙarafan ƙafarsu suna kankare ƙanƙara da wani sauti kamar ana wasa wuƙa. Ɗaya daga cikinsu ya buga faifan ya wuce raga, ya yi ta sulalewa zuwa tsakiyar tabki, suka tsaya suna gardamar wanda zai je ya ɗauko. Kawu ya tayar da mota ya kunna na'urar ɗumama, ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, shigo, ka biya kuɗin mai, tunda kai ka faɗi gardama."