Daga Oslo zuwa Bergen a Motar Lantarki

Hanyar E16 muka bi daga Oslo zuwa Bergen, tafiyar kusan kilomita 500 ta tsakanin duwatsu da ramukan da aka huda a cikinsu. Lokacin hunturu ne, dusar ƙanƙara ta lulluɓe gefen titi. Motar yayana ce, mai aiki da batir zalla, ba ta shan ko ɗigon fetur. Tun ba mu fita gari ba ya nuna mini yadda ake gane irinta: a Norway lambar motar lantarki da harafin E take farawa, kamar EL ko EK ko EV. Da na fara lura sai na ga ko'ina su ne. A shekarar 2024 kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar na lantarki ne, alhali Norway tana cikin manyan masu fitar da mai da gas a duniya.

Motar ta kwana a jone a garejinsa, muka tashi da batir cike. Wannan shi ne abin da ya fi yabawa. Ya ce a zirga-zirgar yau da kullum ba ya tsayawa ko'ina, da dare zai jona ta, da safe ya cire.

Na ce, "Yaya, ni dai lissafin kuɗin nake son ji."

Ya ce in fara da ƙarfin da ke cikin man kansa. Litar fetur guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin awon wuta 9, wato kilowat-awa, irin wanda mita ke ƙirgawa a gida. Motar da ke shan lita 6 a kilomita 100 ta ƙona fiye da kilowat-awa 50 ke nan, kuma mafi yawansa zafi yake zama, ya bi ta salansa da lagireto ya tafi. Motar lantarki matsakaiciya tana cin tsakanin 15 zuwa 20 a wannan nisan. Daga nan rahusar ta samo asali. Sai kuma batun bakanike: babu juyen man inji, babu fulogi, babu salansa, birki ma ya kan daɗe bai cinye ba. Amma bai ɓoye mini cewa tayoyi sun fi saurin ƙarewa ba, saboda batirin yana da nauyi ƙwarai.

Da muka shiga yankin Valdres sai sanyi ya ƙara tsananta, nisan da allon motar ke cewa ya rage mana ya riƙa sauka fiye da tafiyar da muke yi. Motar fetur tana ɗumama mutanen cikinta da zafin da injinta ke zubarwa a banza. Ita kuwa wannan daga batirin take ɗebo ɗumin, ga shi batirin kansa ba ya son sanyi. A Fagernes muka tsaya caji.

A nan na ga ɗaya fuskar lamarin. Mun tarar da motoci a gabanmu, muka ɗan jira, sannan muka jona. Caji mai sauri yana ɗaukar batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 20 zuwa 40, gwargwadon motar da ƙarfin na'urar. Da ya kai 80 sai Yaya ya cire, ya ce daga nan gaba a hankali yake shiga don kada batirin ya lalace, tsayawa a cika shi ɓata lokaci ne ga kai da wanda ke jiranka. A daidai wannan lokacin na ga masu motar fetur sun shigo gidan man da ke kusa, sun sha, sun wuce cikin minti biyar. Kuɗin wutar ma ba irin na gida ba ne, ya ninka shi. A ganina duk mai tallar motar lantarki da ya tsallake wannan bai yi wa mai saye adalci ba. A doguwar tafiya har yanzu fetur ya fi sauƙin sha'ani, ba ka buƙatar tsara inda za ka tsaya tun daga gida.

Hawan Filefjell, inda titin ke kaiwa kusan mita 1,000 sama da teku, ya ci wuta sosai. Gangarowa zuwa Laerdal kuwa ita ce ta fi burge ni a duk tafiyar. Yaya ya ɗage ƙafa daga totur, motar ta riƙe kanta ba tare da ya taka birki ba, kason batirin ya daina raguwa, har ya ɗan ƙaru. Injin ne ke juyewa ya zama janareto, nauyin motar da ke gangarawa ya koma wuta. A motar fetur duk wannan ƙarfin a birki yake ƙarewa, ya yi zafi, ya cinye shi. Daga nan muka shiga ramin Laerdal, kilomita 24.5, wanda aka buɗe a shekarar 2000, rami mafi tsawo na titin mota a duniya. An faɗaɗa wurare uku a cikinsa an haska su da shuɗiyar fitila don kada direba ya gaji da duhu ya yi gyangyaɗi.

A cikin ramin ne na tambaye shi abin da ke raina: in ba don gwamnati ba, da zai saya?

Ya yi jim kafin ya amsa. Ya ce shekaru da yawa motar lantarki ba ta biyan harajin saye na kashi 25 da ake ɗora wa kaya, ga rangwamen kuɗin hanya, ita kuwa ta fetur an lafta mata haraji mai nauyi. Sai a 2023 aka fara karɓar harajin a kan abin da ya haura kurona 500,000 (kuɗin Norway) na farashin mota. Ga shi kuma mafi yawan wutar ƙasar daga madatsun ruwa take fitowa. Wanda ke zaune inda babu irin wannan rangwamen, ko inda wuta ke da tsada, dole ya yi nasa lissafin daban, kada ya ari na Norway. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Batun batir ne ya ɗauke mu har Voss. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma batir ba ya mutuwa dare ɗaya, a hankali yake rage ƙarfi. Amma in ya lalace bayan garantin, sauya shi shi ne gyara mafi tsada a jikin motar. Abin da ya fi damun Yaya ma shi ne faɗuwar daraja, domin duk sabuwar da ta fito da batir mai nisan zango tana karya farashin tsohuwa a hannun mai son sayarwa.

A Bergen muka sauka wurin wani abokinsa da ke zaune a bene mai gidaje da yawa, motarsa a bakin titi take kwana. Shi ma ta lantarki gare shi, amma labarinsa dabam yake da na Yaya. Ba shi da inda zai jona da dare, don haka kusan duk wutar da yake sha ta waje ce mai tsada, kuma sai ya ware mata lokaci a cikin mako. Ya ce in ya haɗa komai, ribar da yake samu a kan motar fetur ɗinsa ta da ba ta taka kara ta karya ba. Masu gidajen benen sun daɗe suna tattauna yadda za a ja waya zuwa filin ajiye motoci na bayan ginin, da yadda za a raba kuɗin aikin tsakanin masu motar lantarki da waɗanda ba su da mota ko kaɗan, kuma har muka baro garin ba su cimma matsaya ba.