Tiyon winci ya cinye mini yammacin yau

Talata, bayan isha'i.

Da safe aka kira mu ɗaukar wata Golf da ta mutu kusa da Kwanar Dangora, a hanyar Zariya. Bodin janwe, motata ta ɗaukar motocin da suka lalace, ya zame baya ya kwanta, yarona ya saƙala ƙugiya, na ja libar winci. Wayar winci tana zuwa, amma da nawa, ba yadda na saba jin ta ba. Sai ya ce, "Oga, ga mai yana ɗiga a kan shasi," ya miƙa hannu zai shafa tiyon da ke kai wa winci man da ke juya shi. Na daka masa tsawar da har mai Golf ɗin ya waiwayo. Idan winci na jan kaya, ƙarfin man da ke cikin tiyon nan yakan kai bar 200 a ma'aunin matsi. Hudar da ba ta fi tsinin allura ba tana iya harba shi cikin nama, ka ga ɗan tabo ka raina, kafin gari ya waye hannu ya kumbura sai tiyata. Na yago kwali na bi jikin tiyon da shi, nan take ya jiƙe a daidai inda yake lanƙwasa. A hankali muka lallaɓa muka hau da motar, muka kai ta Kano.

Wanda bai san irin motar nan ba zai ce ai tiyo tiyo ne. Winci a kan bodi yake zaune, can bayan kan mota, tankin mai da famfo da bawul kuwa suna jikin shasi. Duk sanda bodi ya zame baya wajen mita 3, dole tiyo biyun da ke haɗa su da winci su bi shi, in ya dawo su naɗe su koma mazauninsu. Masu ƙera motar sun yi musu doguwar kwata ta ƙarfe a ƙarƙashi da suke kwanciya a ciki. Tawa ta tsufa, tsatsa ta ci bakin kwatar ya yi kaifi, kullum yana kankare robar har wayar ciki ta bayyana. Ba ƙarfin mai ya kashe tiyon nan ba, gogayya ce.

Bayan azahar na kwance su duka biyun na tafi Ƙofar Ruwa. Ɗaya kaɗai ya fashe, amma tare suka shiga motar, tare suka sha rana da ƙura, ban ga dalilin barin ɗan'uwansa ba. Mai shagon ya fara miƙo mini mai saƙar waya ɗaya a cikin robarsa, ya ce ya fi sauƙin kuɗi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, mai waya biyu nake so, rabin inci, wanda aka rubuta 2SN ko R2 a jikinsa." Ya yi murmushi ya shiga ciki ya ɗauko. Tsofaffin da na riƙo sun yi rana wajen zaɓen kawuna, wato ƙarafan bakin tiyo da ake ɗaura shi da su, don zaren na motocin Amurka daban ne da na Turai, a ido kuwa sai ka rantse ɗaya ne. Kafin ya matse kawunan a inji na roƙe shi ya hura iska a ciki. Garin roba da ɓurɓushin waya da yanka ke bari, in suka shiga, bawul da injin da ke juya winci za su je su lalata.

Wajen tsayi muka daɗe. Idan ya gaza, bodi na kaiwa ƙarshe zai fizge shi daga kai, ga shi tiyo yakan ɗan tsuke idan mai ya cika shi da ƙarfi. Idan ya yi yawa kuma ya zubo ƙasa, ya haɗu da farfela ko salansa. Na auna sau biyu kafin na yarda a yanka.

Da muka dawo gareji na sa aka tokare bodin da katako mai kauri kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, na kashe inji, na motsa libobi har sauran ƙarfin mai ya sauka. Na nuna wa yaron layin rubutun da ke jikin tiyo: in ka ga ya karkace bayan ɗauri, to ka murɗe shi ke nan. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya ja noti. Na kama su da kilif a farko da ƙarshe kawai, tsakiyar na bar ta sake, lanƙwasar kuma ban bari ta matsu ba, don rabin inci mai waya biyu yana son kusan santimita 18 kafin ya juyo. Inda suke taɓa ƙarfe na tsaga wani tsohon tiyo babba na sa musu riga.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin abokan sana'a suna naɗe huda da robar tiyub da waya su ci gaba da aiki. Ranar da ya fashe gaba ɗaya, motar mutane tana rabin hawa, mai ya malale a kwalta, masu babur suna tahowa a guje.

Na ƙara mai lamba 68, na zame bodin baya da gaba ina tsugune daga gefe ina kallon yadda suke naɗuwa. Babu ɗiga, babu inda suka maƙale. Gobe da sassafe mai walda zai zo ya yanke ruɓaɓɓen bakin kwatar ya sa sabon ƙarfe, kuma sai ya gama za mu karɓi aiki.