Kalmar da na faɗa wa iyalan Alhaji

Jibi zan miƙa katin aikina in bar sashen hoto na asibitinmu, bayan shekara huɗu a Legas. Kafin in kama hanyar gida ina so in rubuta wannan saboda ƙannenmu da za su zo su tarar su kaɗai ke jin Hausa a sashen, kamar yadda na tarar.

A shekarata ta uku Oga ya ɗora mini aikin kwatanta hanyoyi biyu na kashe ƙarin sankarar huhu da allura, ba tare da an buɗe ƙirji ba: daskararwa da ƙonawa. Wata biyu na yi a kai, kuma har yau ina alfahari da abin da na haɗa. Wajen ƙonawa, ana soka allura cikin ƙarin a sakar masa zafi, da zarar ya haura digiri 60 nama ya dahu ya mutu. Tsohuwar hanyar ƙonawar da igiyar lantarki take aiki, kuma huhu na ba ta wahala, domin iskar cikinsa ba ta barin lantarki ya ratsa, jinin da ke gudu a babbar jijiya kuma yana kwashe zafin kafin ya gama aiki. Shi ya sa ta fi dacewa da ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Maikurowef, sabuwar hanyar ƙonawar, ya fi ta sauri da faɗin wurin da yake ci. Wajen daskararwa, iskar agon ake hurawa cikin allurar, ƙanƙara ta taru a bakinta, a daskarar a narkar sau biyu ko uku. Sai sanyi ya kai digiri 20 zuwa 40 ƙasa da sifiri nama ke mutuwa. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne sanyin da kansa yana kashe raɗaɗi, kuma bai cika lalata bangon hanyar iska ko na jijiya ba, don haka an fi samun natsuwa da ita idan ƙarin ya manne da haƙarƙari. Aibinta, ba ta toshe jijiyoyin jini kamar wuta, mara lafiya kan yi tarin jini, ga cin lokaci, ga tsadar iskar. Duka biyun kuma suna iya sa iska ta taru a bayan huhu har sai an sa roba a ƙirji.

Kaina na cike da wannan karatu aka kawo Alhaji, dattijo mai sana'ar shanu a Oko-Oba. Wata shida ya yi yana shan maganin tarin tibi a wani ƙaramin asibiti kafin a yi masa sikanin. Lokacin da ya iso mana sankarar ta kai mataki na huɗu, ta tsallaka ɗaya huhun, babban ƙarin kuma yana cin haƙarƙarinsa na dama, ko kwanciya ba ya iyawa. A baranda Oga ya tare ni ya ce in je in yi musu bayanin zaɓin da suke da shi, da yarenmu.

Na zauna gabansa da 'ya'yansa uku. Na ce, "Baba, akwai wani aiki da ba mu da kayansa a nan. Idan aka daskarar da shi, ciwon zai mutu."

Ƙarin da ke haƙarƙari nake nufi. Amma a bakinmu ciwo shi ne raɗaɗi, shi ne ƙari, shi ne cutar baki ɗaya, kuma mutumin da ke neman tsira babbar ma'anar zai ɗauka. Na ga fuskar babban ɗan ta washe, na kuma ji daɗin hakan, ban tsaya na tambayi kaina me ya fahimta ba. Ban ce musu allura ba ta kai ga abin da ya riga ya bazu ba. Ban ce a wannan mataki sauƙi ake nema ba.

Sun sayar da fili a Agege da shanu, suka kai shi Indiya. An yi aikin, kuma ya yi kyau. Ya dawo yana barci a ɓangaren dama, yana kai goshinsa ƙasa a salla. Bayan wata biyar Allah ya karɓi abinsa. Ɗan ya same ni a ƙofar ɗakin sikanin, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Likita, mun yarda da ƙaddara. Amma da kun gaya mana gaskiya, da a gida muka bar shi cikin jikokinsa, filin nan kuma na ƙannenmu mata ne." Ban sami abin cewa ba sai haƙuri.

Laifina ne, ban taɓa musanta hakan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne taron sashe da aka yi bayan ƙorafinsu. Oga ya ce bai aike ni ba, wai zaƙewa na yi. Shi ne babba, shi ya kamata ya zauna da iyalin ya faɗa musu matakin da cutar ta kai, ni in fassara. Sau ɗaya bai shiga ɗakin ba. Waɗanda suka ji shi a baranda ranar suka sunkuyar da kai. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil.

Ra'ayina kan aikin bai canza ba: ga ƙari irin na Alhaji daskararwa ta fi, ga ƙarami a tsakiyar huhu ko mai saurin zubar jini zan zaɓi maikurowef. Yadda nake magana ne ya canza. Yanzu da "wannan ba zai warkar da cutar ba" nake farawa, in zana huhu a takarda in nuna wanda allura za ta taɓa da waɗanda ba za ta taɓa ba, sannan in ce wa babban ɗa ya maimaita mini abin da ya ji.

Sauran shawarwarina gajeru ne. Duk wanda ya aike ka wurin iyali, rubuta sunansa da lokaci a fayil. Ka shiga da nas. Tarin da ya ƙi jin maganin tibi, a nemi hoto tun da wuri.

Rahoton nan har yanzu da shi ake koyar da sababbin shiga, ba sunana a jiki. Jiya na manna masa shafi ɗaya a gaba, da Hausa da Turanci, na rubuta jimlolin da ya kamata in faɗa wa Alhaji, na mayar da shi cikin durowa.